Sassaben layin wuta kafin damina: a gundule ko a bi reshe?

Sakataren Zaure:
Assalamu alaikum. Barkanmu da war haka. Ga abin da ya taru na wannan watan.

Muna yi wa sababbin shiga maraba: mutum uku daga ɓangaren Gombe, ɗaya daga Birnin Kebbi, sai Hajiya Maman Ummi, ma'aikaciyar gandun daji, wadda ta ce ta shigo ne ta ga masu sare mata bishiyoyi ido da ido. Hajiya, ga mu nan, a bi mu a hankali.

Yaron Mai Barandami da wuta ta ja an sallamo shi daga asibiti, hannun ne dai zai ɗauki lokaci. Mai niyyar taimakawa ya tuntuɓe ni ta gefe, kada a sa lambar asusu a nan.

Bitar hawa da igiya tana nan, wuri ne ba mu samu ba tukuna. Muna neman fili mai manyan bishiyoyi wanda babu waya ko ɗaya kusa da shi.

Sai maganar da aka yi ta turo min. Layukan da aka sassabe bara, bana darbejiyar ta koma kan waya, wani wurin ma ta wuce inda take a da. Ɗan Kolambas ya ce yana da abin faɗa a kai. Bismillah.

Mai Barandami:
Na gode da addu'o'inku, Allah ya bar zumunci. Maganar darbejiya kuwa ni ban ga abin muhawara ba. Bishiya ta kai waya, ka hau ka sauke mata kai, ka wuce ta gaba. Haka muka tarar ana yi. In ta sake tofowa baɗi ai wani aikin ne ya samu.

Ɗan Kolambas:
Maigida, Allah ya ba yaro lafiya. Amma wannan sauke kan shi ne yake dawo da ita kan waya da wuri. In ka gundule darbejiya saiwarta tana nan yadda take, abincin da ta tara yana nan, ganye ne kawai babu. Sai ta yi ta maza ta fitar da tofo a bakin yankan, ba ɗaya ba, ba biyu ba, cunkus kamar tsintsiya, kuma duk sama suke miƙewa, daidai inda wayar take. Ga shi a fatar itacen suke maƙale, ba su shiga cikin jiki ba. Iskar farkon damina tana zuwa sai su ɓalle su faɗa kan layi. Wurin yankan kuma ba ya rufewa, ruwa ya kwanta, ruɓa ta bi ciki.

Mu a nan jihar Ohayo ta Amurka in ka yi haka mai duba aiki ba zai sa hannu ba. Abin da aka koya mana shi ne ka bi reshen da ya nufi waya har zuwa inda ya rabu da wani reshen da ya nufi waje, ka yanke shi a nan. Wanda za ka bari ya zama kaurinsa ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na wanda ka cire, don ya iya karɓar ragamar girma. Ƙarfin bishiyar sai ya koma can, ta riƙa girma tana kauce wa waya. Ba ta yin kyau a ido, wani lokaci sai ka ga an buɗe mata tsakiya waya ta ratsa, masu gida su yi ta mita. Amma tana daɗewa kafin a dawo mata.

Auta:
Yaya, to yankan kansa fa? Mu in muka sari babban reshe sai ya yago ɓawon har ƙasa.

Ɗan Kolambas:
Sara uku ake yi, Auta. Ka fara ta ƙarƙashin reshen, ɗan nesa da jiki, ka shiga kaɗan. Sannan ka yanka ta sama, gaba da wancan, nauyin ya tafi ba tare da ya ja ɓawo ba. Guntun da ya rage shi ne na uku. Duba gindin reshe za ka ga wani ɗan kumburi da ya zagaye shi, kada ka taɓa shi, ka yanka daf da shi ta waje. Da shi bishiya take rufe ciwon. Kuma don Allah a daina shafa baƙin mai a wurin, ba ya ƙara komai.

Mai Barandami:
Ɗan Kolambas, kai kana cikin kwandon mota ana ɗaga ka sama, ga zarton inji a hannu, ga albashi duk mako biyu. Ni da adda da barandami da tsanin katako nake aiki, kuma da kilomita ake biyana, ba da kyan yanka ba. In na tsaya ina lallaɓa kowace bishiya ina neman kumburi, yaushe zan gama kilomita goma? Kuɗin ma sai an gama aiki da watanni ake ganinsu. Yarana tuwo suke ci kullum.

Baba Tsohon Nepa:
Yaro, maganarka akwai gaskiya a ciki, amma cewa haka aka tarar ba daidai ba ne. Zamaninmu akwai gungun leburori na dindindin da ba su da aiki sai bin layi. Da an gama girbi suke fita, su bi turke bayan turke, kowa ya san bishiyoyin ɓangarensa, ya san mai gonar da sunansa. Ba a jira sai hadari ya haɗu. Yanzu sai an ga fida, wato layin da ke ɗauko wuta daga tasha zuwa unguwanni, tana faɗuwa sau uku a yini sannan a kira ɗan kwangila a ce masa maza. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda aka ce wa maza kuwa dole ya gundule, ba shi da zaɓi.

Injiniya:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni da nake ciki ba zan musa ba. Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a Nuwamban 2013, kowane kamfani yana kallon sassabe a matsayin kuɗin da za a iya ɗagewa zuwa baɗi. Taransfoma in ta ƙone kowa ya gani, dole a saya. Bishiyar da ba a sare ba babu wanda zai tambaye ka, sai ranar da ta faɗi.

Amma lissafin ya fara sauyawa. Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato Band A, naira 225 kowane yunit, sharaɗin shi ne awa 20 a rana. Fidar da ta kasa cikawa hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki tana iya sauke ta zuwa rukuni na ƙasa, kuɗin shiga ya ragu. To fidar 33kV, wato mai ƙarfin volt dubu 33, da ta ratsa lambuna da shingayen turare, in reshe yana shafarta duk lokacin da iska ta kaɗa, ta ina za ta cika awa 20? Kuma mutane ba su san wani abu ba: duk faɗuwar da layi ya yi, ba a nan take ƙarewa ba. Wutar da ke kwarara lokacin da reshe ya haɗa waya da ƙasa tana bi ta cikin babbar taransfomar tasha, tana jijjiga ta, tana rage mata kwana. Ga motar sintiri da man da za a sha ana neman inda matsalar take cikin dare da ruwa. In aka tara duka, sassabe mai kyau ya fi araha nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce aljihun da ke biyan sassabe daban, wanda ke biyan asara daban.

Hajiya Maman Ummi:
Salamu alaikum. Na gode da maraba. Ni tambayata ɗaya ce: faɗin nawa doka ta ba ku? Don abin da nake gani a fili, in aka ce a sassabe layi sai a share duk abin da ido ya gani, har da wanda ko ya faɗi ba zai kai waya ba. Washegari ka ga itacen a bakin titi an ɗaure ana sayarwa.

Injiniya:
Hajiya, ƙa'idar aikin layukan wuta ta 2015 da ake kira NESIS ta fayyace, kuma hukumar NEMSA mai duba ingancin aikin wuta ce ke sa ido. Layin 330kV mita 50, wato 25 kowane gefe daga tsakiya. Na 132kV mita 30. Na 33kV da 11kV mita 11, biyar da rabi kowane gefe. Abin da ya wuce nan ba hurumin layi ba ne, sai dai in bishiyar ta mutu ko ta karkata, wadda in ta faɗi za ta kai. Ita ma sai an yi magana da mai ita.

Hajiya Maman Ummi:
To alhamdu lillahi, a rubuce yake ke nan. Mita 11 aka ce, ba 30 ba. Waɗannan shingayen darbejiya da turare da kuke gani a arewacin Kano da Jigawa da Katsina ba da kansu suka fito ba, dasa su aka yi don tare iska da rairayi, an sha wahalar ban ruwa kafin su kama. Mutum ya zo da injin sare itace ya kwantar da layi guda cikin yini ɗaya, in ka yi magana ya ce aikin wuta ne. Ba na cewa a bar reshe a kan waya, ni ma ina son wuta a gidana. Amma a zo ofishinmu tukuna, mu fita tare, mu sa wa kowace bishiya alama: wannan a cire, wannan a rage, wannan a bar ta.

Mai Barandami:
Hajiya, da girmanki, in na jira takarda daga ofis damina za ta wuce. Itacen da kike gani a bakin titi kuwa sau da yawa shi ne kuɗin abincin yara kafin a biya mu.

Hajiya Maman Ummi:
Ai ka ga inda gizo ke saƙar. Muddin itacen shi ne ribar, wa zai tsaya a mita biyar da rabi?

Sakataren Zaure:
A yi haƙuri, a bar zargin juna. Kowa ya faɗi abin da ya sani.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Hajiya ta yi gaskiya. Mu nan Nijar gawo yana cikin itatuwan da doka ta kare, ba ka taɓa shi sai da izinin ma'aikatan gandun daji, ko da cikin gonarka yake. Kuma tun shekarun 1980 da anka fara sassaben zamani a jihar Maraɗi, manoma sunka koyi barin tofon kututture su zaɓi biyu ko uku su raya. Ana maganar hekta kusan miliyan 5 da sunka koma kore ta haka. To manomin da ya raya gawo da hannunsa, ya san hatsin da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina kyau saboda yana zubar da ganye da damina, ka zo ka ce za ka sare? Sai an kai ga hakimi. Amma abin da na lura, waɗannan manoman sun fi yaranmu iya gyaran reshe. Sun san wanda za a bari da wanda za a cire. In ka nuna musu inda waya take, su da kansu suke karkatar da itacen tun yana ƙarami. Ƙarƙashin layin 132 da ya taho daga Katsina zuwa Gazawa akwai gonaki da yawa da ba mu da matsala da su don haka.

Ɗan Kolambas:
Wannan da Ɗan Maraɗi ya faɗa shi ne abin da ƙungiyarmu ta nan, Utility Arborist Association, take ta wa'azi a kai a mujallarta da taronta na shekara. Ba share ƙasa ƙal ake so ba. Ƙasar da aka share tas, abin da zai fara fitowa shi ne bishiyoyi masu saurin tsawo, su ne kuma abokan gaba. An raba hurumin layi biyu: daidai ƙarƙashin waya a bar ciyawa da ƙananan tsirrai, a gefe a bar masu matsakaicin tsawo. In suka rufe ƙasa sai su hana manyan samun rana. A jihar Fensilbeniya akwai filin gwaji a ƙarƙashin wani babban layi da ake bibiya tun 1953, daga can wannan tsari ya samo asali.

Kuma kada a ɗauka Turawa hankali ne ya sa suka gyara, wuya suka sha. Ranar 14 ga Agustan 2003, da rana tsaka ana zafi, layuka uku na 345kV na kamfanin FirstEnergy a nan Ohayo suka yi zafi, suka saki, suka sauko kan bishiyoyin da aka bari suka yi tsawo. Na'urar gargaɗi a ɗakin kula da layuka ta tsaya ba su sani ba. Kowane layi ya faɗi sai nauyinsa ya koma kan na kusa, shi ma ya yi zafi ya sauko. Wajen ƙarfe huɗu da 'yan mintuna abin ya ɓalle gaba ɗaya. Mutum kusan miliyan 50 a jihohi takwas na Amurka da lardin Ontariyo na Kanada suka rasa wuta, har da Niyok da Toronto. Megawat 61,800 suka tafi. Ku tuna mu a Najeriya duk ƙasar a tsakanin dubu huɗu da dubu biyar muke yawo.

Bayan wata ɗaya da rabi, 28 ga Satumba, aka maimaita a Italiya. Layin da ke kawo wuta daga Suwizalan ya yi tartsatsi da bishiya da tsakar dare, na biyu ya ɗauki nauyin, ya saki, shi ma ya samu tasa bishiyar. Kusan duk ƙasar ta shiga duhu.

Daga nan ne Amurka ta yi dokar 2005 da ta mayar da ƙa'idojin manyan layuka tilas. Akwai wadda ake kira FAC-003, ta sassabe ce zalla, ta shafi layukan 200kV zuwa sama. Wata hukumar can ce ke kula da ita, ita ma sunanta NERC, ba tamu ta Abuja ba. Tarar tana iya wuce dala miliyan ɗaya a rana. Tun daga lokacin babu manajan da ke cewa a ɗage sassaben babban layi zuwa baɗi.

Baba Tsohon Nepa:
To ka ji. Wannan sakin waya shi ne abin da yaran yanzu ba sa lissafawa. Su je da sanyin safiya cikin hunturu su ɗaga kai su ce ai akwai tazara. Ka dawo wurin a watan Afrilu da azahar, ga rana ga lodi, ka duba tsakiyar tazarar turke biyu, nan ne cikin waya yake sauka. Ga iska kuma tana kaɗa ta gefe da gefe. Kuma babban layi ba sai ya taɓa ba, in reshe ya matso wuta tsallakowa take yi.

Injiniya:
Haka ne Baba. Kuma mu a Arewa layukan da ke ciyar da mu ba su da yawa. Kowa ya tuna Oktoban 2024: layin Shiroro zuwa Kaduna an lalata shi, TCN mai kula da manyan layukan ƙasa ta ce rashin tsaro ya hana a shiga gyara, sai na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, muka kwashe fiye da mako a duhu. Wancan ba bishiya ba ce, amma ya nuna in ɗaya ya tafi babu inda za a jingina. Dajin da masu gyara ba sa iya shiga kuwa, masu sassabe ma ba sa shiga, bishiyoyin kuma ba su daina girma ba. Ga ƙunar daji da kaka. Ciyawa ta bushe a ƙarƙashin layi, masu farautar gafiya su sa wuta, harshen wutar da hayaƙin su sa layi ya yi tartsatsi ya faɗi, turakun katako kuma su ci wuta daga gindi.

Mai Lambu:
Ni ba ma'aikacin wuta ba ne, ƙanina ne ya sa ni a zauren nan. Ina da mangwaro a bakin fadama, mahaifinmu ne ya dasa. Aka zo ana tsakiyar fure, ba sallama ba sanarwa, aka gundule guda shida. Da na je aka ce in tafi ofis, ofis suka ce ɗan kwangila ne, ɗan kwangila ya kashe waya. Shekarar nan ko ɗaya ban tsinka a jikinsu ba. Wa zai biya ni?

Injiniya:
Malam, Allah ya mayar da alheri. Tambayar farko: layin ne ya riga bishiyoyin ko su suka riga shi? In layi ya zo ya same su, a ƙa'ida ana ƙidaya itatuwa masu amfani a biya diyya lokacin karɓar hurumin, dokar filaye ta 1978 ma ta tanadi diyyar amfanin gona. In an biya a wancan lokacin, ko kuma bayan an ja layi aka dasa, gaskiya da wuya ka samu wani abu. Amma ko ma wanne ne, shiga gonar mutum ba sanarwa kuskure ne. Ka rubuta ƙorafi ga sashen kula da abokan hulɗa na kamfanin, ka riƙe kwafi mai hatimi. In ba su amsa ba akwai ofishin sauraron ƙorafi na hukumar da ke sa ido a kansu.

Mai Lambu:
Bishiyoyin sun girmi layin, kowa a garin ya sani. Diyya kuwa mu dai ba mu gani ba.

Hajiya Maman Ummi:
Da an zo bayan an gama tsinka, aka rage ɓangaren waya kawai, da ya samu amfaninsa su ma sun samu tazararsu. Mangwaro yana karɓar gyara sosai. Malam, tofon da zai fito yanzu kada ka bar shi duka, ka zaɓi masu kallon waje ka cire sauran tun suna ƙanana, amma daga ƙasa, kuma kada ka ɗaga gora ko ƙarfe kusa da waya. A ƙarƙashin layin kuma ka sa lalle ko rogo ko kayan miya.

Auta:
Baba, ina da tambaya a kan abin da ya samu abokinmu. Ai ranar babu wuta a unguwar tun safe. Ta ina ta zo?

Mai Barandami:
Bari in amsa da kaina tunda yarona ne. An ce mana an ɗauke wuta, mutanen unguwa ma suka tabbatar. Ya hau, ya sari reshe, reshen ya kwanta kan waya yana riƙe da gindinsa, sai aka kawo wuta. Allah ne ya sa ya faɗo kan tarin ganye.

Baba Tsohon Nepa:
Ku buɗe kunne, kai Auta da sauran yara. An ɗauke wuta daban, an kashe layi daban. Wanda ke zaune a tasha bai san kana kan bishiya ba. In fida ta faɗi, aikinsa ne ya jira kaɗan ya sake gwadawa. In lodi aka raba, lokaci yana cika zai mayar. Ba a hawa sai an karɓi takardar izinin aiki, an buɗe layi a tasha an kulle an rataya alama, an gwada da sandar gwaji an ga babu wuta, sannan an ɗaure wayoyin da ƙasa gaba da bayan inda ake aiki. Wanda ya karɓi takardar shi kaɗai zai mayar da ita, bayan ya ƙirga yaransa a ƙasa. Ko an kashe daga tasha, mai janareto ko mai sola da bai raba layinsa ba zai iya turo wuta baya, ta bi taransfoma ta hau sama ta zama dubbai. Ɗanyen reshe kuwa ruwa ne a cikinsa, wuta tana bi.

In waya ta tsinke ta faɗi ƙasa kada wanda ya matso, ƙasar wurin ma tana ɗauke da wuta. Wanda abin ya rutsa da shi a kusa ya haɗe ƙafafunsa ya ja su a hankali har ya yi nisa, kada ya yi taku mai faɗi.

Mai Barandami:
Baba, na ji kuma na karɓa. Amma a faɗa wa su Injiniya su riƙa ba da takardar. Ka nemi a kashe maka layi awa huɗu, a ce fidar rukunin A ce ba za a rasa awanni ba. To da wuta a kai ake so mu yi?

Injiniya:
In an hana ka takarda kada ka hau, ka rubuta cewa an hana. Na san faɗa ya fi yi sauƙi. Abin da nake ƙoƙarin shawo kan manyanmu a kai shi ne a haɗa sassabe da ranar gyaran layi, kashewa ɗaya aiki biyu, a sanar a rediyo tun kwana biyu kafin.

Ɗan Kolambas:
A nan wanda ba shi da horon aikin layi doka ta hana shi matsawa ƙasa da ƙafa 10 daga waya, wajen mita 3 ke nan, shi da duk abin da ke hannunsa. In layin ya wuce 50kV tazarar ƙaruwa take. Kuma ko da duk kayan aikin nan ba a tsira ba. A Kaliforniya a 2021 bishiya guda ta faɗa kan layin kamfanin PG&E, gobarar da ake kira Dixie ta tashi, ta cinye eka sama da 960,000. Yanzu da jirage da na'urar auna tazara da haske ake bin layuka, kwamfuta ta nuna wace bishiya ce ta matso.

Baba Tsohon Nepa:
Jirgi! Mu a ba mu takalmi da hular kwano da igiya mai kyau tukuna.

Injiniya:
Baba ka sa ni dariya. Amma wayar hannu ta isa a fara. Kowane turke yana da lamba. A ɗauki hoton bishiya, a rubuta irinta da lambar turke da ranar da aka gyara ta. Shekara biyu za ka san darbejiya da malaina da turare sai an riƙa dawo musu akai-akai, tsamiya da kaɗanya kuwa suna iya jira. Sai a biya ɗan kwangila da yawan bishiya da ingancin yanka, a ba shi layin na shekara uku. In ya gundule, shi zai dawo ya sha wahalar da kuɗinsa.

Mai Barandami:
Shekara uku? In aka ba ni a rubuce, aka biya kashi na farko kafin in fara, wallahi har kumburin zan nema. Amma sai na gani a ƙasa. Kututturen darbejiya kuma fa? In ka cire ta gaba ɗaya ma sai ta fito ta gindi.

Ɗan Kolambas:
Mu maganin kashe ciyawa muke shafawa a gefen kututturen da zarar an yanke, kafin ya bushe. Shafawa, ba feshi ba.

Hajiya Maman Ummi:
A'a, a nan kam ban yarda ba. Can akwai lasisi da horo. Nan in ka ce a shafa, gobe za ka ga an cika tankin feshi an bi layi duka, ga awaki ga shanun Fulani suna kiwo a wurin, ga mata na tsinkar tafasa. A riƙa dawowa ana fille tofon, kututturen zai gaji.

Ɗan Maraɗi:
Darbejiya ba ta gajiya da wuri, Hajiya. Mu dai tonewa muke yi in ta zama dole.

Auta:
To ga wata. Akwai giginya a bakin maƙabartar wani ƙauye, daidai ƙarƙashin layin 33, ganyenta ya kusa kaiwa. Dagaci ya ce ba za a taɓa ta ba. Ita ta ina ake bin reshe?

Ɗan Kolambas:
Ba ta da reshen da za a bi, kai ɗaya gare ta kuma sama kawai ta sani. In ka yanke kan ta mutu, in ka rage ganye wani zai fito ya fi shi tsawo. Ko a cire ta ko a kauce mata da layin.

Injiniya:
Auta, kada ka hau, kada ka bar kowa ya hau, har masu yankan ganyen. Turo min lambar turakun biyu da ke gefenta da hoto daga nesa. Zan nemi hakimin yankin mu je wurin dagacin tare. In ya dage, sai mu duba ko ƙara turke ɗaya zai karkatar da layin, in ga kuma wanda zai sa hannu a kuɗin.